Ba Ya Jin Zafi Ko Kaɗan

Gonar Stannard, Vermont
Satumba, 1893

Zuwa ga ƙanwata Cornelia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mista Whitlock da 'yan matanki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke ba ni labarin ruwa tun kafin hadari ya haɗo. Mun gama shigar da ciyawar shanu, tuffa kuwa ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa.

Na san za ki ce, yau Orpha ta tuna da ni. Rabonmu da ganin juna tun jana'izar kakarmu, ni kuma ba gwanar alƙalami ba ce. Buƙata ce ta kawo ni, ba zan ɓoye miki ba.

Babban ɗana Asa ya tafi kwaleji, waccan ta Massachusetts da ɗanki Lyman yake shekararsa ta ƙarshe. Likita yake son zama. Tun ranar da ubansa ya cika muna jiran likitan da ke can bayan dutse, bai sake zancen wata sana'a ba. Limamin cocinmu ne ya yi ta koya masa karatu bayan tatsar shanu har ya ci jarrabawar shiga.

Ba ki san shi da girmansa ba. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin, shi kaɗai yake ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa, amma baƙo na yi masa magana sai kunnuwansa su yi jawur. A tasha ƙaninsa Enos ya ce masa, "Yaya, in sun tambayi sunanka ka daure ka faɗa musu, ba cizo suke yi ba." Asa ya ce, "Kai dai kula da Mama da shanu, sarkin surutu." Kwat ɗin ubansa na ba shi, hannun rigar ko wuyan hannunsa bai kai ba.

Roƙona ɗaya ne. Ki sa Lyman ya neme shi, ya nuna masa inda ake cin abinci da inda ake zama, kada 'yan birni su mai da min shi abin dariya. Jini ɗaya ne ko da ya yi nisa.

Yayarki,
Orpha Stannard


Troy, New York
Oktoba, 1893

Yaya Orpha,

Wasiƙarki ta zo, a tsaye na karanta ta don murna. Muna lafiya. Mista Whitlock na nan da tarinsa, hayaƙin masana'antar murhu ba zai bar shi ba, shi ma ba zai bar ta ba. 'Yan mata na gaishe ki.

Sha kuruminki, Lyman ya riga ya same shi. Ji abin da ya rubuto min: "Mama, na buɗe ƙofar ɗaki sai na ga duhu da rana tsaka, ashe ɗan uwana ne ya tare taga." Ya ce ya tarar da shi yana cin burodi shi kaɗai, ya ja shi teburinsu.

Ba ki sani ba, Lyman ne kyaftin ɗin 'yan ƙwallon kwalejin bana. Ba irin haukan zamanin Mista Whitlock ba ne, da aji biyu za su haɗu a fili su yi ta dambe da sunan ƙwallo har malamai su hana. Yanzu abu ne mai doka, mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, a rungumi ƙwallon a hannu a kutsa da ita ana karo, ga alƙalin wasa, kwaleji na karawa da kwaleji, jama'a har daga wasu garuruwa suke cika jirgi su zo kallo. Duk sun tara suma kamar tsintsiya, wai ita ce matashin kai in an yi karo. Na ce wa Lyman ranar da aka gama wasannin bana ni da kaina zan riƙe almakashi.

To ya sa Asa a ciki! Ba cikin zaɓaɓɓun ba tukuna, cikin 'yan gwaji, wato waɗanda ke tsayawa gabansu kullum da la'asar su gwada ƙarfinsu a kansu kafin ranar wasa. Lyman ya ce Asa bango ne Allah ya aiko musu. Yanzu ba wanda bai san shi ba, Bijimin Vermont suke ce masa, in ya shigo ɗakin abinci har buga tebur suke yi. Kin ga yaron da kike tsoron a yi masa dariya.

Babban wasansu Ranar Godiya ne, bikin nan na ƙarshen Nuwamba, da abokan gabarsu na fil azal. Dukanmu za mu je. Ki bar wa Enos shanu ki zo, ki ga ɗanki cikin mutane.

Ƙanwarki,
Cornelia


Gonar Stannard
Nuwamba, 1893

Nelia,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya, Allah ya saka wa Lyman da alheri. Lafiyarmu ƙalau. Ƙanƙarar farko ta sauka a kan duwatsu, mun yanka alade.

Ƙwallo ai na san ta. In an yi yanka yara su hura mafitsara su yi ta harbinta a filin coci har ta fashe. Ban dai san ƙarti masu gemu na yi ba, har a hau jirgi don kallo. Amma in ita za ta buɗe masa baki cikin mutane, ya yi ta yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya min. Da farko wasiƙunsa cike suke da zancen ƙasusuwa da sunayen magunguna. Sai suka soma gajarta, rubutun ya karkace. Ya ce yatsa ne ya gurɗe. Ta ƙarshe cewa ya yi in aika masa da man da muke shafa wa doki in ya yi targaɗe. Enos ya ce, "Mama, ashe likitan dawakai suke koya masa." Muka yi dariya, na aika.

Daga nan shiru. Enos ya gaji da hawa doki zuwa gidan waya, har mai gidan wayar na hango shi yake girgiza kai. Asa bai taɓa tsallake Lahadi bai rubuto ba. Don Allah ki tambayar min Lyman.

Zuwa kallo kam ba zan iya ba. Saniya biyu na gab da haihuwa.

Orpha


Troy
Nuwamba, 1893

Yaya,

A gurguje nake rubutu, tela na jirana. Muna lafiya, da fatan ku ma haka.

Na tambayi Lyman. Ya ce Asa ya faɗi a wajen gwaji, yana kwance a ɗakin jinyar kwaleji, likita na duba shi kullum. Hannunsa ne bai iya riƙe alƙalami tukuna, shi ya sa kika ji shiru. Ga maganar Lyman yadda ya rubuta ta: "Ki ce wa Inna Orpha ba ya jin zafi ko kaɗan."

To kin ji. Kada ki taso a sanyin nan ki bar dabbobi. Yaran nan kullum cikin faɗuwa suke, kullum cikin tashi.

Cornelia


Gonar Stannard
Nuwamba, 1893

Nelia,

Allah ya yi miki albarka, kin sauke min dutse daga ƙirji. Na riga na ciro jakata daga ƙarƙashin gado, na karanta layin nan na mai da ita. Tunda ba zafi ai da sauƙi. Mai karaya ba ya ɓoyuwa, na ga ubansa lokacin da keken shanu ya take masa ƙafa.

Shanun sun haihu lafiya, mace da namiji. Ga safa na saƙa wa Asa, ki ba Lyman ya kai masa in kun je. Tun yana yaro ƙafarsa ba ta son sanyi. Ki ce masa hutun ya isa haka, ya tashi ya kama littafi.

Allah ya ba su Lyman sa'a a wasansu.

Orpha


Gonar Stannard
Disamba, 1893

Cornelia,

Ina fatan kuna lafiya. Ba zan ce miki muna lafiya ba.

Bayan Ranar Godiya takarda ta zo daga shugaban kwalejin. Layi kaɗan ne: in zo in ɗauki ɗana. Na bar Enos da shanu na hau jirgi.

Na same shi a wani ɗaki a saman bene, an ja masa bargo har wuya. Ya rame, sumar nan tasu ta kwanta masa a goshi. Ya ce, "Mama, kin zo," yana murmushi. Na ce, "Tashi mana, malalaci." Na ɗaga bargon daga ƙasa. Safata ce a ƙafarsa, wani ya sa masa. Na kama ƙafar, sanyi ƙalau. Na matsa. Na mintsine shi, Cornelia, mintsinin da na san ya isa ya sa shi tsalle. Idonsa na kan rufi. Can ya ce, "Mama, kin taɓa ni ne?"

Likita ya ja ni waje. Ƙashin baya ne ya karye, can sama kusa da wuya. Yana ɗaga hannuwa amma yatsu ba sa kamawa. Daga ƙirji zuwa ƙasa babu komai. Ba zai sake tsayuwa ba.

Ba ya jin zafi ko kaɗan. Haka ne.

Asa da bakinsa ya ba ni labarin yadda aka yi. Wata sabuwar dabara suka samo, tsini suke ce mata. Kin san ƙarfen da ake kafa wa gungume a tsaga shi? Haka suke jeruwa, su riƙe juna tam, mai ƙwallo a ɓoye a tsakiya, su taso da gudu daga nesa su faɗa kan mutum ɗaya. Suna son su san ko akwai mai iya tare ta, sai suka tsai da wanda ya fi kowa girma a inda tsinin zai sauka. Lyman ne a bakin tsinin. Asa ya ce tun la'asar yake wargaza su, ya shige ƙarƙashin ƙafafunsu su zube. Rana ta kusa faɗuwa, Lyman ya ce, "Sau ɗaya kuma, Bijimi." Suka zube a kansa. Kowa ya tashi yana kakkaɓe riga, ban da shi. A kan ƙyauren rumbu suka ɗauke shi. Yana jinsu daga nesa sun koma layi, an tsai da wani a gurbinsa.

Ba ma a wasa ba ne, Cornelia. Ba 'yan kallo, ba tafi. Gwaji ne.

Na tambayi likita me ya hana a aiko min da telegiram tun ranar. Ya kalli takalminsa. Asa ne ya faɗa min. Malaman kwaleji na shawarar hana ƙwallon gaba ɗaya, in suka ji wannan kafin Ranar Godiya za su soke wasan. Sai Lyman da wasu tsofaffin ɗalibai suka zo bakin gadonsa suka roƙe shi a yi shiru har a gama. Ya yarda. Yaro kwance bai san ko ya jiƙa shimfiɗa ba, aka nemi alfarma a wurinsa.

Na haɗu da ɗanki a matakala. Samari biyu na dafa masa kafaɗa, ai sun ci wasan. Yana ganina ya cire hula. Ya ce, "Inna, ban yi miki ƙarya ba."

Na ce, "Ba ka yi ba. Ka dai zaɓo gaskiyar da za ta zaunar da ni a gida."

Ya matsa gefe. Na wuce.

A taragon kaya muka dawo da shi, kwance a kan katako, tsakanin gwangwanayen madara. Enos ya taryo mu a tasha da keken doki. Bai yi barkwanci ko ɗaya ba.

Tambaya ɗaya nake da ita. Ranar da kika kwafo min layin nan tela na jiranki, kin sani?

Orpha Stannard


Troy
Janairu, 1894

Yayata Orpha,

Ina gaishe ki da jinya. Yaya jikin Asa? Allah ya kawo sauƙi. Na daɗe da wasiƙarki a aljihu na kasa amsawa, na yi ta kuka har Mista Whitlock ya kira min likita.

Ban sani ba, Yaya. Allah shaida ne. Abin da aka rubuto min na rubuta miki. Da muka je wasan na tambayi Lyman ina Asa, ya ce likita ya hana shiga wurinsa, na miƙa masa safar. Ki ce da na nace, na yarda. Amma gari ya cika, ga tutoci ga ƙaho, jirginmu kuma na yamma ne.

Ba ina kare Lyman ba ne, amma da kin gan shi. Ya zo hutu bai ci abincin kirki ba, ana ambatar Vermont sai ya tashi daga tebur. Shi ma fa hancinsa ya karye, kafaɗarsa ta taɓa gocewa. Duk wanda ya shiga filin nan ya san abin da ke ciki. Da shi ne a ƙasa da Asa a sama, ni ce zan rubuta miki irin wasiƙarki. Yaro ne aka ɗora wa kwaleji guda a kai, manya suka zuga shi.

An ce masu tsara doka za su zauna su hana tsinin nan, don an ji ciwo da ita a wurare da yawa. Kin ga wahalar Asa ba ta tafi a banza ba.

Mista Whitlock ya aiko da kujera mai taya, tana tashar ku. Ki karɓa don Allah.

Sai magana ɗaya, kada ki ɗauke ta da wata manufa. Wani ɗan jarida na yawo yana tambayar sunayen yaran da suka nakasa. In ya zo, ki tuna Lyman bana zai gama, rayuwarsa na gabansa. Ɗan uwan Asa ne.

Ƙanwarki har abada,
Cornelia


Gonar Stannard
Maris, 1894

Cornelia,

Muna nan. Ina fatan hawayenki sun tsaya, kada Mista Whitlock ya sake wahalar kiran likita. Gwiwata ta daina ba ni labarin ruwa, kullum ciwo take.

Kujera ta zo. Ba ta shiga ƙofar ɗaki sai da Enos ya fasa bango ya faɗaɗa. Enos ya bar makaranta. Shi ke tatsa, shi ke faskare, shi ke ɗaga yayansa ya juya shi don kada bayansa ya ruɓe, shi ke wanke shi. Ni ko kafaɗarsa ɗaya ba na iya ɗagawa.

Ɗan jaridarki ya zo. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗora masa shayi, na zauna, na shirya ba shi sunan ɗanki harafi harafi. Sai Asa ya ɗaga murya daga ɗaki: "Mama! Kika faɗa masa kalma ɗaya, na daina cin abincinki."

Na shiga na ce, "Kai, wa kake karewa? Wanda ya mai da kai haka?"

Ya ce, "Ba wanda ya tura ni. Ni na tsaya." Sannan ya ce, "Ke ba ki ji yadda suke kiran sunana ba, Mama. Duk filin."

Mutumin ya sha shayinsa ya tafi hannu wofi. Sai ki kwantar da hankalinki, ba ni na yi miki ba.

Abin da ya fi ci min rai ke nan. Na zaci zai tsani ƙwallon nan. Littattafan likitancinsa na cikin akwati bai ce a buɗe ba. Amma sai ya sa Enos ya roƙo tsofaffin jaridu wajen limamin coci ya karanta masa labarin wasannin bara. Ya sa a jera masa wake a faranti, fari da ja, yana tura su da bayan hannu, yana nuna wa Enos inda ya kamata kowa ya tsaya.

Duk keken dokin da ya wuce a hanya sai ya ce, "Enos, leƙa ka ga ko kyaftin ne." Ko kati ɗanki bai aiko masa ba. Asa ya ce ai karatu ne ya yi masa yawa.

Don haka zan haɗiye fushina in sake roƙonki. Ki turo Lyman. Ba sai ya gaishe ni ba, zan fita bayan gida in ya so. Ya zo ya zauna da yaron nan wuni ɗaya.

Orpha


Troy
Yuli, 1894

Yaya,

Gaisuwa da fatan jikin Asa da sauƙi. Ki yafe min jinkiri. Na yi ta yi wa Lyman magana yana cewa ba zai iya haɗa ido da shi ba, ni kuma kunya ta hana ni rubuto miki haka.

Yanzu ya gama, ya karɓi takardarsa. Wata sabuwar kwaleji a Kansas ta ɗauke shi ya koya wa ɗalibanta ƙwallo, don can ba su iya ba tukuna. Na ce masa ba zai tafi da albarkata ba sai ya biya ta wajenku. Zai zo cikin Agusta. Ki karɓe shi da sauƙi, Yaya. In Allah ya yarda ni ma zan zo lokacin kaka in gan ku.

Cornelia


Gonar Stannard
Satumba, 1894

Cornelia,

Ina gaisuwa. Asa na nan, bayansa ya soma gyambo. Ni ma ina nan.

Ɗanki ya zo. Tun asuba Asa ya sa Enos ya yi masa aski ya sa masa farar riga. Lyman ya shigo da ƙwallo a hammata, wai ita suka ci wasan Ranar Godiya da ita, duk sun sa hannu a jiki. Yana ganin Asa ya durƙusa a bakin gado ya fashe da kuka. Asa ya ce, "Haba kyaftin, tashi, kada ka jiƙa min bargo, ni kaɗai na isa." Suka yi dariya su biyu.

Suka wuni kan farantin wake. Rabon da in ji muryar Asa haka tun kafin ya bar gida. Har zuciyata ta yi sanyi, Cornelia. Na shiga kicin na gasa wa ɗanki kek ɗin tuffa da hannuna.

Da la'asar Asa ya ce a kai shi bakin taga. Enos ya shigo daga gona, ya sa hannu ƙarƙashinsa ya ɗaga shi cak, shi kaɗai, ya aje a kujera. Ina tsaye da faranti na ga idon ɗanki a kan bayan Enos. Na san kallon nan. Irinsa masu sayen doki ke yi a kasuwa.

Lyman ya ce, "Ƙanena, ka taɓa riƙe irin wannan?" Ya jefa masa ƙwallon. Suka fita tsakar gida. Ya ce, "Taho da gudu, ka ga ko za ka wuce ni." Enos ya taho, sai ga kyaftin a ƙasa ƙafafu sama, cikin kashin kaji. Asa na ihu daga taga, "Haka ne! Sunkuyar da kafaɗa! Sake, Enos, sake!"

A kan abincina Lyman ya yi maganar. Kwalejin Kansas na neman samari. Karatu kyauta, ɗaki kyauta, abinci kyauta. An hana tsini, yanzu wasan ya gyaru. Enos zai iya karanta duk abin da yake so.

Na ce, "Lyman, gama cin abincinka ka kama hanya."

Asa ya ce, "Mama, ki bar shi ya tafi."

Na ce, "Wa zai ɗaga ka?"

Ya ce, "To sai ya tsufa yana juya ni kamar waina a tanda? Ɗaya ya kwanta, sai ɗayan ma ya kwanta a gefensa?"

Na dubi Enos ina jira ya yi irin barkwancinsa a wuce wurin. Kansa na ƙasa. Can ya ce, "Mama, ban taɓa ganin bayan dutsen nan ba. Tun hunturu ba abin da nake shaƙa sai warin ɗakin can da na shanu." Sai ya dubi yayansa ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Asa ya ce, "Ni ma ina jin warin, ai hancina bai mutu ba."

Na yi faɗa, na yi roƙo, na kira limamin coci. Limamin ya ce ilimi ba abin ƙi ba ne. Kuma ba zan iya cewa yaron ya yi laifi ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Enos ya tsaya ya shigar min da ciyawa, ya tara itacen hunturu har rufi, sannan ya hau jirgi ya bi ɗanki. Ranar da zai tafi Asa na bakin taga yana ƙwala masa kira har keken dokin da zai kai shi tasha ya sha kwana: "Kada ka shiga da kai! Da kafaɗa!"

Na mai da shanu gonar maƙwabci. Yana shigowa safe da yamma ya taya ni ɗaga Asa, in ya tuna. Tsakani ni ke jan zanen gado da hannu biyu ina dafe gwiwa da bango, har ya mirgina.

Ni na roƙe ki ki sa a neme shi. Ni na sake roƙonki ki turo ɗanki. Duka biyun kin yi min, ba zan ce ba ki yi ba. Ba zan roƙi na uku ba.

Kin ce za ki zo lokacin kaka. Kada ki zo, kada kuma ki rubuto. Iyayenmu sun ce zumunci a ƙafa yake. Ƙafa huɗu na haifa, Cornelia. Biyu na kwance a ɗakin nan, biyu na Kansas wajen ɗanki. Ba ni da sauran da zan yi zumunci da su.

Asa na kira. Lokacin juya shi ya yi.

Orpha Stannard